Yadda ake kai sunan jarumar garinku gaban masu ba da lambar yabo ta duniya

A watan Maris na 2009 wata ɗiyar ƙasar Ƙonni, Hadizatou Mani, ta tsaya a birnin Washinton, Michelle Obama da Hillary Clinton suka miƙa mata lambar yabon da gwamnatin Amurka ke bai wa mata masu ƙarfin hali. Mu mutanen jihar Tawa mun riga Amurka sanin labarinta. Tana da shekara 12, a 1996, aka sayar da ita kan jika 240 na sefa, aka kai ta gidan wani mai hali a matsayin wahayya, wato macen da ake saye a ajiye kamar baiwa bayan matan aure huɗu. Ta yi shekaru tana aikin gida da na gona, ta haihu a gidan, har ranar da ta ce ya isa. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta zo ta zauna a Yamai, ta yanke cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Ƙonni, Madawa, Buza da Illela ya san ba ita kaɗai aka yi wa haka ba, kuma ba ita kaɗai ta yi tsayin daka ba. Abin da ya fitar da sunanta, bayan zuciyar da Allah ya ba ta, shi ne an samu waɗanda suka tsaya suka tara takarda: ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyin da suka kama mata. Takardar ƴancin da ubangidan ya sa wa hannu a 2005 tana nan, hukunce-hukuncen kotunan Ƙonni suna nan, kowane da ranarsa. Wanda ke zaune wata ƙasa, bai taɓa taka yankinmu na Adar ba, yana iya karantawa ya gaskata.

Na daɗe ina riƙe wa ƙungiyoyin mata alƙalami a nan Tawa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yawan matan da suka ƙarar da ƙarfinsu kan ƴan uwansu mata, amma ko shafi guda ba a rubuta a kansu ba. Masu ba da lambobin nan ba sa yawo ƙauye-ƙauye suna cigiya. Abin da aka kai gabansu shi suke dubawa. Don haka na rubuta wannan ga malamar makaranta, da malamin asibiti, da magatakardar ƙungiya, da ɗalibin jami'a, duk wanda ya san wata irin wannan mata kuma yana iya rubutu.

Mataki na farko: ku je ku zauna da ita

Kada ku rubuta ko kalma kafin ta yarda. Kuma ku sani da wuya ta yarda a zaman farko. Wata dattijuwa da ta shafe shekaru tana bin ƙauyuka tana nemo mata masu yoyon fitsari tana raka su asibiti, da na kawo mata maganar sai ta ce: "Haba ɗiyata, abin da na yi don Allah shi za ki kai wa Nasara su tafa mini? Ladana fa?" Na ce: "Inna, ba ke za a tallata ba, aikin ne. Kuɗin motar da kike roƙo duk wata, in wannan ya yiwu, kin huta da shi shekara da shekaru." Ba ta amsa ba sai da ta shawarci malaminta, shi kuma ya tuna mata aya ta 271 cikin Suratul Baƙara, inda aka ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta kuma ya fi. Ya ce mata tunda bayyanawar za ta jawo wa wasu magani, ta gyara niyyarta ta bari.

Wannan tsoron riya gaskiya ne, kada ku yi masa dariya. Haka maganar maigida da manyan ɗiya: in ita ta ce a sanar da su, ku sanar da su da bakin wanda suke jin nauyinsa.

Sannan ku gaya mata abin da ka iya biyo baya, ba ɓoye-ɓoye. Hotonta zai shiga intanet, kuma abin da ya shiga can ba ya fita. Wasu za su ce ta zama ƴar koren Turawa, musamman a wannan zamani da ake sa ido kan duk abin da ya fito daga waje. In aikinta ya taɓa masu ƙarfi, kamar hana auren dole ko fitar da wahayya, wanda ta ɓata wa zai san inda take. Akwai matan da sunansu a ɓoye shi ne garkuwarsu. In ta ce a'a, magana ta ƙare.

Mataki na biyu: ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

A nan mutane suka fi ɓata lokaci. Lambobin ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ya kamata ku fara tambaya ba nawa ake bayarwa ba ne, a'a, wa ke da ikon kai suna.

Akwai waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Lambar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, wadda aka kafa a 1980, kowa na iya gabatar da wani, sai dai ba ka gabatar da kanka, ko ɗan uwanka na kusa, ko ƙungiyar da kake ciki. Masu wannan lamba sun san yankinmu: a 2018 sun ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso, da Tony Rinaudo wanda ya yi aikin sassaben zamani, wato barin kututture ya toho ya koma itace a gona, a ƙasar Maraɗi. A 2021 sun ba Marthe Wandou ta arewa mai nisa a Kamaru, kan kare ƴan mata daga cin zarafi da tsayawa kan karatunsu a yankin tafkin Cadi. Haka lambar Aurora, mai dalar Amurka miliyan 1, wadda ake ba wanda ya jefa ransa cikin haɗari don ceton wasu. Marguerite Barankitse ta Burundi, mai rainon marayun yaƙi, ita ta fara samu a 2016. Ita ma kowa na iya kai suna, amma in aikin jarumarku ba na ceton rai cikin haɗari ba ne, kada ku wahalar da kanku.

Wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin matanmu ƙarama ce. Gidauniyar WWSF da ke birnin Janeba tun 1994 take ba da lambar hazaƙar matan karkara, dalar Amurka 1,000 ga kowace, ana danganta ta da ranar matan karkara ta 15 ga Oktoba. Kuɗin ba yawa, amma ba sa neman wadda ta yi suna. Irin matan Keita suke nema, waɗanda tun daga 1984, da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a can, suka ɗauki duwatsu a ka suka yi gandari yayin da maza suka tafi bida. Mai shugabantar masu haƙar tassa da rabin-wata, ramukan tare ruwan sama a gona, ko mai tara masu noman albasa a Galmi, nan ne wurinta. Lamba ƙarama kuma tsani ce: mai babbar yakan duba ya ga ko wani ya taɓa tantance ta.

Akwai kuma waɗanda ƙofarsu ta cikin gida ce. Lambar da Hadizatou ta samu an kafa ta a 2007, kuma ofisoshin jakadancin Amurka ne ke aika sunaye, ba jama'a ba. Ta wannan hanya Kwamanda Aichatou Ousmane Issaka ta sojan Nijar ta samu a 2017, shekara guda bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta kan aikin da ta yi wa mata a Gao ta ƙasar Mali. Lambar DVF, wadda mai zanen tufafi Diane von Furstenberg ta kafa a 2010 ta hanyar gidauniyar iyalinta, ta fara da dala 50,000 ga kowace, kuma kuɗin na aikin ƙungiya ne. Matan ƙasashen waje da suka samu galibi ta hannun ƙungiyar Vital Voices suka fito. Faransa ma tana da lambar Simone Veil mai yuro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa, wadda Aïssa Doumara ta Marwa a Kamaru ta fara samu ranar 8 ga Maris 2019. Amma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka ba zan ce ku dogara da wannan ba yanzu.

Irin waɗannan na cikin gida ba a cika musu takarda. Abin yi shi ne a san ta: ta shiga haɗakar ƙungiyoyin mata irin su CONGAFEN, ta halarci tarurruka, dosiyenta, wato tarin takardun aikinta, ya kasance a hannun waɗanda akan tambaya. Wannan aikin shekaru ne.

Ku zaɓi ɗaya ko biyu. Ku buɗe shafinsu na intanet da kanku, ku karanta sharuɗɗan bana da ranar rufewa, domin kuɗi da ranaku sukan sauya. Ku kuma karanta tarihin waɗanda suka samu cikin shekaru biyar da suka wuce. In ba ku ga mai kama da taku ba, ku nemi wata ƙofa.

Mataki na uku: tara shaida

Wannan shi ne aikin, sauran duk ado ne. Ku ba shi wata uku ko fiye.

Ku sayi kaye, wato littafin rubutu, mai kauri. Ku zauna da ita sau da yawa, ba sau ɗaya ba, ku bi rayuwar aikin daga farko. Matanmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta: shekarar fara, shekarar da aka yi taron ƙasa, damanar da ta haifi auta. Ku rubuta yadda ta faɗa, daga baya ku mayar da shi lamba. Shekarar taron ƙasa 1991 ce, farin nan 2004 ne, ƙarancin abinci da ya biyo baya ya gigita mu 2005 ne, haihuwar auta kuma tana cikin takardar haihuwa.

Sai ƙidaya. A nan nake roƙonku ku ji tsoron Allah. Na sha ganin dosiye da aka rubuta cewa mata dubu kaza sun amfana, da aka bi diddigi sai aka tarar an haɗa duk wadda ta taɓa zama a taron wayar da kai. Wadda ta zauna ta ji wa'azi daban, wadda aka raka asibiti aka yi mata aiki ta warke daban. Ku raba su. Mutum 40 da za ku iya kai baƙo ƙofar gidajensu sun fi dubu huɗu na baki, kuma manyan masu ba da lamba suna bincike sosai kafin su yanke, har sukan kira mutanen da ba ku ba su sunansu ba. Ƙarya ɗaya in ta fito, ba wannan dosiye kaɗai ta kashe ba, ta shafa wa duk wanda zai fito daga garinku bayansa.

Ina za a samo lambobin? Sun fi yadda kuke zato yawa, a warwatse suke kawai. Rajistar asibiti tana nuna wa ya rako marar lafiya. Daraktan makaranta ya san ƴan matan da aka mayar aji bayan an cire su. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 har ya bazu ƙasashe da dama, suna da lissafin zubi da bashi, ko a kaye ko a kan ma'ajiya. In a ka yake, ku tara membobi uku su faɗa a gaban juna, ku rubuta, su dangwala hannu. Mai gari da limami sun san auren da aka sasanta aka ɗage. Kowace lamba ku rubuta gefenta inda kuka samo ta.

Ku nemi kuma abin da wasu suka faɗa a kanta ba da roƙonku ba: shirin rediyon gari, labari a jaridar Le Sahel, hira a Studio Kalangou ko Télé Sahel, takardar yabo daga gwamna ko magajin gari. In babu ko ɗaya, ku fara daga nan. Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa, dama ce ta kowace shekara: ƴan jarida na neman wadda za su yi hira da ita, hukumomi na neman wadda za su karrama. Ku kai sunanta da wuri. Wadda garinta bai yaba ba, da wuya na nesa ya fara.

Maganar hoto kuwa, ku yi hattara. Hoton aiki ake so: tana cikin taro, tana gona, tana bakin asibiti. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko mai yoyon fitsari, ko wadda ta gudo daga gidan miji, ba a ɗaukar fuskarta, ba a rubuta sunanta ko ƙauyenta, ko da ta ce ta yarda don kunyar wadda ta taimake ta. Ku sauya suna, ku faɗa cewa kun sauya. Masu tantancewa na ƙwarai suna lura da wannan, kuma dosiyen da ya tona asirin marasa ƙarfi yana faɗuwa a idonsu.

Mataki na huɗu: takardun ƙungiya

Yawancin lambobi masu kuɗi ba sa zuba su a hannun mutum, sai a asusun ƙungiya mai rajista. Don haka ku duba tun yanzu: takardar izini daga ma'aikatar cikin gida ko ta hukumar da ta yi wa ƙungiyar rajista, dokokin ƙungiya, sunayen shugabanni, rahoton aiki da na kuɗi na shekara biyu ko uku, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake fitar da kuɗi. A ƴan shekarun nan hukumomi sun tsananta bin diddigin kuɗin ƙungiyoyi, saboda haka wanda rahotonsa bai cika ba ya cika shi kafin ya jawo ido kansa. In jarumarku ba ta da ƙungiya mai rajista, a nemi wata amintacciya ta riƙe mata, da yarjejeniya a rubuce. Fasfo ma a fara nemansa yanzu, kada a bari sai an kira.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Mu Hausawa mun iya yabo, kuma a nan iyawar take cutar mu. Da mun ɗauki alƙalami sai kirari ya zubo: uwar marayu, garkuwar mata, inuwar giginya, mai haƙuri da juriya. A bakin maroƙi ranar biki yana da daɗi. Amma mai karatun yana da ɗaruruwan dosiye a gabansa, kowane na cewa tasa ce ta fi, kuma ba ya iya bambance kirarin gaskiya da na haya.

Ku ba shi abin da zai gani da idonsa. Ga misali, ba na wata takamaimiya ba: "Shekara tara ke nan duk ranar kasuwa tana hawa motar ƙauye, ta nemi gidan da aka ce akwai matar da aka ware wa ɗaki saboda wari. Takan koma sau uku ko huɗu kafin miji ya yarda. Rajistar asibiti ta nuna ta rako mata 63, an yi wa 51 aiki. Kuɗin mota daga cinikin ƙuli-ƙulinta yake fita." Ba kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma wa zai karanta bai ji ba?

Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne ko'ina, ko da an sauya musu riga. Mece ce matsalar? Me ita ta yi da hannunta? Me ya sauya? Me ta rasa ko ta jure saboda aikin? In ta samu, me za ta yi da shi?

A kan matsalar, ku taƙaita. Jimla biyu sun isa a ce binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Sun riga sun san wannan. Abin da ba su sani ba shi ne yadda abin yake a garinku, da dabarar da ita ta samo. A nan ku daɗe. Ta wace ƙofa take shiga gida? Wa take fara gani, uwar miji ko liman? Wace magana take faɗa wa uba har ya sauko? Wannan ilimi ne da babu shi a ofis, kuma shi ne ke raba ta da sauran.

Abu guda da nake ƙi da zuciya ɗaya: kada ku zagi garinku don ku burge baƙo. Wasu na ganin sai sun nuna mutanensu jahilai ne, addininsu da al'adarsu duhu ne, sannan tauraruwarsu za ta haska. Wannan ƙarya ce, kuma ita za ta koma ta zauna da mutanen nan bayan an gama tafi. In akwai malamin da ya mara mata baya a huɗuba, ko sarkin da ya hana a ɗaura wani aure, ko mijin da ya sayar da akuya ya kai matarsa asibiti, ku rubuta su. Ku kuma ambaci matan da suke aikin tare, domin ba wadda ta taɓa yin irin wannan ita kaɗai, kuma rashin ambatonsu shi ne farkon rigimar da zan zo kanta.

Kashin da ake tsallakewa shi ne na abin da ta jure, saboda alkunya. Ku tambaye ta a hankali. An taɓa kai ƙararta? An daina gaishe ta? An yi mata barazana? Ku rubuta abin da ta yarda a rubuta, ba ƙari.

Mataki na shida: masu shaida, fassara, aikawa

Akan nemi wasiƙa biyu ko uku daga waɗanda suka san aikin. Kada duk su fito daga gida ɗaya. Likitan da ya karɓi marasa lafiyar, da wani jami'i ko basarake, da wata ƙungiya da ba ta cin moriyar lambar, sun fi wasiƙar babban mutum wanda bai taɓa ganin ta ba. Kada ku rubuta musu su sa hannu kawai. Wasiƙu uku masu murya ɗaya ana gane su. Kowane ya sa lambar wayar da ke aiki, ku kuma gaya masa ana iya kiransa, kada a kira ya ce wace ce haka.

Ku fara rubuta komai da Hausa, ku karanta mata da babbar murya, ta gyara. Sannan a juya zuwa Faransanci ko Ingilishi, gwargwadon abin da suka ce suna karɓa. Na'urar fassara tana taimakawa, amma sai wanda ya iya harshen ya bi layi-layi, domin kalmomi irin su wahayya, zawarci ko goyon ciki ba su da takwara, sai an yi musu bayani a jimla guda. In an ce kalma 500, kada ta zama 501, akwatin shafin yakan yanke sauran.

Ku aika saura mako biyu a rufe. Kun san halin wuta da intanet a nan. Ku ajiye kwafi a waya, a takarda, da kuma wurin mutum na biyu, ku riƙa duba akwatin imel ɗin da kuka bayar ko da sau biyu a mako.

Masu sayar da lamba

Da sunanta ya fara fita za ku ga saƙonni: an zaɓe ta gwarzuwar Afirka, ta zo wani babban otal a wata ƙasa ta karɓa, sai dai ta biya kuɗin rajista, ko na tebur, ko na sassaƙa lambar. Wata ƙawar aikina ta sayar da tumakinta biyu ta aika, har yau shiru. Duk lambobin da na ambata a sama ba mai karɓar ko dala a hannun wadda za a karrama, kuma in sun gayyace ta su ke ɗaukar nauyin tafiya. Ku duba sunan masu lambar, ku nemi waɗanda suka samu a baya, ku ga ko mutane ne da aikinsu ke nan. In an ce a tura kuɗi ta waya cikin kwana uku, ku share saƙon.

In Allah ya sa an dace

Maganar kuɗi a yi ta tun ba a samu ba. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku riƙe, domin na ga ƙungiyar da ta yi shekara goma lafiya cikin talauci, tallafi ɗaya ya shigo ta watse cikin wata shida. Ku tara membobi kafin a aika dosiye, a karanta musu abin da aka rubuta za a yi da kuɗin, a amince, a rubuta a kaye, a sa hannu. A fayyace ko akwai kason da yake nata ita kanta, domin wasu lambobin suna ba mutum, wasu ƙungiya, wasu duka biyu. Dangi za su zo, maƙwabta za su zo, kowa ya ji an ce miliyoyi. Takardar nan ita za ta nuna musu ta ce ba nata ba ne, kuma ita za ta cece ta daga zargi.

Ku tambayi masu lambar sharuɗɗansu kafin a karɓa: wane rahoto suke so, yaushe, kuma me ba a yarda a saya da kuɗin ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku sanar da hukumar da ke kula da ƙungiyoyi cewa kuɗi za su shigo daga waje, ku tambayi banki takardun da zai nema. Dala tana hawa tana sauka, yuro ne kawai ke tsaye kan sefa 655.957, don haka kada ku yi alkawari da lissafin ranar da aka yi albishir. Kuma kada a zuba duka a gini. Ɗaki mai kyau da ba kuɗin mota, ba na abincin masu jinya, kufai ne mai fenti.

In za ta yi tafiya, a nemi mace mai jin harshen ta raka ta, a kuma nemi masu lambar su biya wa ƴar rakiyar. Biza ta yi wuya a yanzu, a fara da wuri. In ba ta samu ba, a tambaya ko za a karɓa da sunanta ko ta yi jawabi ta bidiyo. Ta yi jawabinta da Hausa in shi ta fi sakewa da shi, a fassara. Da ta dawo, a kai lambar gaban mai gari da matan da aka yi aikin da su kafin a rataye ta a bango.

Sau da yawa kuwa ba za a dace a karon farko ba, kuma galibi ba za su gaya muku dalili ba. Dosiyen bai lalace ba. Shi za ku miƙa wa gwamna kafin 13 ga Mayu, shi za ku ba ɗan jarida, shi za ku kai wa mai ba da tallafi. Bayan kaka ku koma wurinta da kayen nan, ku ƙara abin da aka yi a shekarar, ku sabunta wasiƙun, ku rubuta ranar da za a sake buɗe ƙofa a bangon farko.